Waiwaye: sankarar jinin da ke tsirowa daga ɓargon da aka dasa

A 1971 ne likitoci a birnin Seattle na Amurka, ciki har da Philip Fialkow da Donnall Thomas, suka fitar da wani rahoto mai ɗaure kai a mujallar Lancet. Wata yarinya 'yar shekara 16 mai sankarar jini aka dasa wa ɓargon ɗan'uwanta. Bayan kamar wata biyu cutar ta dawo. Da aka duba ƙwayoyin sankarar a madubin likita, sai ga kuromosom ɗin Y, wanda namiji kaɗai ke da shi. Ashe ba tsohuwar cutarta ce ta farfaɗo ba, sabuwa ce ta tsiro daga ɓargon da aka kawo don ceton ranta.

Da farko an zargi wata ƙwayar bairos da ke ɓoye a jikin majiyyaci, amma hujja ba ta tabbata ba. An kuma daɗe ba a iya gane matsalar sai idan jinsin mai bayarwa ya bambanta da na mai karɓa. Gwajin DNA ne ya warware wannan, domin yana bambance ƙwayoyin kowa ko da duka biyun maza ne. A 2005 ƙungiyar masu dashen ɓargo ta Turai ta samu mutum 14 masu irin wannan sankara cikin dashe sama da 10,000. Ba ta da yawa ke nan, sai dai tana da wuyar magani.

Laifin iri ne ko na ƙasar da aka shuka shi? Duka biyun suna da hannu. Wani lokaci akwai lahanin gado a iyali, kamar a ƙwayoyin halittar DDX41 ko CEBPA, ɗan'uwan da ya bayar yana ɗauke da shi bai sani ba. Tsofaffi kuma kan tara sauye-sauye a ƙwayoyin jininsu suna nan garau. A ɗaya ɓangaren, gashin radiyeshan da magunguna masu ƙarfi da aka ba majiyyaci kafin dashe sun riga sun jigata mazaunin ɓargon, garkuwar jiki ta yi rauni, ga sabbin ƙwayoyin suna rarrabuwa cikin gaggawa don cike gurbi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai bayarwar. Ya kwanta an huda ƙashin ƙugunsa saboda ƙauna, sannan a zo masa da wannan labari. Da yawansu ba sa kamuwa da komai, duk da haka hakkinsu ne a faɗa musu gaskiya cikin lallashi, a kuma ci gaba da duba jininsu. Yanzu idan aka ga alamar cutar tana bin dangi, akan gwada ɗan'uwa tun kafin a ɗebi ɓargonsa.