Jawo matasa zuwa karatu ta hanyar laburaren jama'a a Kaduna

Jawo matasa zuwa karatu shi ne aikin da laburaren jama'a ke yi domin 'yan shekara 13 zuwa 19 su riƙa ɗaukar littafi don ra'ayin kansu, ko da babu jarrabawa a gabansu. Aikin ya haɗa da zaɓen littattafan da suka dace da su, ba su aro su tafi da su gida, da shirya musu zaman karatu a kai a kai. A Kaduna, shigo da matashi cikin laburare ba shi ne abin wahala ba. Da zarar WAEC ko NECO ko JAMB ta ƙarato, kujeru kan yi wuya, sai dai akasarin masu zuwa da littafin rubutunsu da tsofaffin tambayoyi suke shigowa, su yini su tashi ba su taɓa kanta ba. Ranar da aka gama jarrabawa, ranar suke ɗauke ƙafa.

Asali

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne aka yawaita buɗe ɗakunan karatu na En'e a garuruwan Arewa, inda ake ajiye jaridu da takardun labarin yaƙi. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ke tallafa wa waɗannan ɗakuna da littattafai. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 aikin ya koma hannun jihohin, kuma a yau Hukumar Laburare ta Jihar Kaduna ce ke riƙe da shi. Laburaren Ƙasa ma yana da reshe a birnin.

Ta fuskar abin karantawa, jihar na da gado babba a Zariya. Can ne Hukumar Talifi ta shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933, can aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sannan hukumar samar da littattafai ta Jihar Arewa, wato NORLA, ta biyo baya a 1953, kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, kuma a 1966. Daga shekarun 1980 littattafan soyayya na kasuwar Kano da shagunan hayar littattafai suka nuna cewa matasa, musamman 'yan mata, za su biya kuɗi su karanta labari idan ya ja hankalinsu. Yau wannan karatu ya koma waya, a zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad. A 2017 kuma aka fara bikin littattafai na KABAFEST a Kaduna.

Zaɓen littattafai

Kantar matasa tana bukatar zama daban, nesa da sashen ƙananan yara. Ɗan shekara 16 ba zai zauna a kan gajeriyar kujera a tsakiyar 'yan firamare ba, kuma kantar manya da ke cike da tsofaffin littattafan shari'a da lissafin kuɗi ba ta da abin da za ta ba shi. Kanta biyu ko uku a kusa da inda masu shirin jarrabawa ke zama sun isa a fara. A jera wasu littattafan fuskarsu na kallon mai wucewa, domin bangon littafi shi ne ke fara kiran mai karatu. Littafin da gefensa kawai ake gani sai wanda ya zo nemansa.

Ana so kusan rabin kantar ya zama ƙagaggun labarai na Hausa da na Ingilishi waɗanda marubutan Najeriya da na Afirka suka rubuta. Saura a raba tsakanin tarihin rayuwar mutane, ƙwallon ƙafa, koyon sana'a, lafiyar jiki, labaran annabawa da sahabbai, da na Littafi Mai Tsarki, tunda Kaduna gari ne na Musulmi da Kirista, kuma laburare na kowa ne. A reshen da ke kudancin jihar, duk abin da aka samu da harshen Tyap ko Jju ko Gbagyi a ba shi wuri a gaba. Gajerun littattafai masu shafi 60 zuwa 120 sun fi amfani ga mai farawa, saboda gama littafi ɗaya cur shi ke sa a nemi na biyu. Ya kamata a samu masu sauƙin harshe waɗanda labarinsu na manya ne: ɗalibin aji ɗaya na babbar sakandare na iya kasancewa yana haɗa baƙi da ƙyar, kuma zai gwammace ya fita hannu rabbana da a gan shi da littafin yara.

Littattafan gudummawa daga ƙasashen waje sai an tace. Kwali guda na iya ƙunsar littattafan kwamfuta da zamani ya wuce, da labaran da ba su da alaƙa da rayuwar yaron Rigasa ko Sabon Tasha. Cika kanta da su don a ce akwai littattafai da yawa ɓata wuri ne. Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da za a saya ita ce a ajiye littafin rubutu a teburin aro, matasa su riƙa rubuta sunan abin da suke so, a duba shi duk wata.

Bayar da aro

Nan ne shirye-shirye da yawa ke mutuwa. Ma'aikaci na tsoron a ce littafi ya ɓace a hannunsa, sai ya kulle sababbin a kabad, ko ya gindaya sharuɗɗan da matashi ba zai iya cikawa ba, kamar kuɗin ajiya da sa hannun babban ma'aikacin gwamnati. Labari mai shafi 200 kuwa ba a gama shi a zama ɗaya. A gida ake karanta shi, bayan Isha'i ko bayan an gama aikace-aikace.

Tsarin da ya fi sauƙi: katin makaranta ko sa hannun uwa ko uba ko malamin aji, da lambar waya ɗaya. Littafi ɗaya na mako biyu a farko. Wanda ya dawo da shi sau uku a kan lokaci a ƙara masa zuwa biyu. A rubuta ranar dawowa a takardar da aka manna a cikin bangon baya, a kuma shigar a rajista. Tarar jinkiri takan jawo asara biyu, domin yaron da ba shi da kuɗin biya ba zai dawo ba, littafin ma ba zai dawo ba. Kiran waya, da ware mako guda a kowane zangon karatu da ake karɓar littafi ba tambaya, sun fi tara dawo da kaya. A kuma saka asarar 'yan littattafai cikin kasafi tun farko, a daina ɗora wa ma'aikaci.

Littattafan Hausa na kasuwa takardarsu ba ta da ƙarko, ƙarfen da aka danne su da shi kuma yana tsatsa da damina. Kafin su hau kanta a cire ƙarfen, a ɗinke da zare, a naɗe bangon da leda. Kanta ta bar ƙasa da bango da kamar taƙi ɗaya saboda danshi da gara, a riƙa kaɗe ƙura duk mako da hunturu.

Zaman karatu

Ƙungiyar karatu ta mutum 10 zuwa 15 ta fi tafiya daidai. Da zarar ta haura 20 sai mutum uku su mamaye magana. Zama ɗaya a mako, na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai jagoranci ya karanta shafi biyu ko uku a bayyane, ya tsaya daidai inda labari ya ɗauki zafi, sannan a raba kwafe. Idan kwafen ba su kai ba, biyar sun isa mutum 15 su karɓa bi da bi cikin mako uku. Tambayoyin tattaunawa su zama irin waɗanda ba su da amsa ɗaya: «Da ke ce, za ki faɗa wa mahaifiyarki?» Da an fara tambayar sunan kawun tauraro ana ba da maki, zaman ya zama aji, mako mai zuwa rabi ba za su zo ba. Kada kuma a tilasta wa kowa karatu a gaban jama'a, ko a gyara masa lafazi 'yan uwansa na dariya.

Sa lokaci yana bukatar sanin unguwa. Yamma ta Islamiyya ce ga da yawa, safiyar Asabar da Lahadi ta tahfiz, Lahadi kuma ranar coci ce. Wasu na shago ko garejin koyon sana'a bayan an tashi daga makaranta. Dogon hutu na watan Agusta ne lokacin da ya fi yalwa. Ga 'yan mata, izinin gida shi ne kan gaba: takarda zuwa ga iyaye mai ɗauke da ranar zama, lokacin tashi, da sunan ma'aikaciyar da ke kula da su, kuma a tashi kafin La'asar ta yi sanyi. Inda iyaye ba su yarda da cuɗanya ba, a ware musu ranarsu.

Ranar Littafi ta Duniya, 23 ga Afrilu, da Ranar Yaƙi da Jahilci, 8 ga Satumba, suna da amfani idan an yi rajistar sababbin masu aro a wurin. Taron rumfa da jawaban manyan baƙi, inda aka kwaso ɗalibai a mota aka mayar da su ba wanda ya riƙe littafi, kuɗinsa da ya sayi kwafe masu yawa.

Akwatin littattafai

Kuɗin Keke Napep daga Rigasa ko Kawo ko Kakuri zuwa tsakiyar gari kowane mako ya fi ƙarfin ɗalibi, balle wanda ke ƙauye a ɗaya daga ƙananan hukumomi 23 na jihar. Maganin shi ne akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da littattafai 40 zuwa 60 da rajistarsu, a damƙa wa malami ɗaya takamaimai a makarantar sakandare ko Islamiyya ko coci, a musanya bayan mako shida zuwa takwas. Akwatin da aka bari a ofishin shugaban makaranta yakan dawo yadda aka kai shi, don haka a naɗa ɗalibai biyu su riƙa buɗe shi lokacin hutun tara. Wajen auna ko shirin na aiki, a ƙirga littattafan da aka ara da kuma mutum nawa suka dawo aro na biyu da na uku, a kwatanta watannin jarrabawa da watannin da suka biyo baya.