Daina faɗuwa ba warkewa daga farfaɗiya ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa da mai farfaɗiya ya yi 'yan watanni bai faɗi ba, shi ke nan ya warke, sai a ajiye magani. Wannan kuskure yana cin rayuka. Ƙwayoyi irin su valproate da phenobarbital danne ciwon suke yi muddin suna cikin jini, ba sa tumɓuke shi. Idan aka yanke su farat ɗaya, jijjiga na iya dawowa ta ƙi tsayawa, ta haura minti 5, numfashi na sarƙewa, leɓe ya canza launi. Likita kaɗai ke rage magani, a hankali, galibi bayan shekara 2 babu faɗuwa. Masu ciwo mai taurin kai kuwa, wasu har ƙarshen rayuwa za su sha. Mace mai shan valproate ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya lahanta ɗan tayi.