Waiwaye: Yadda masu wasan Warhammer suka daɗe suna kuka da aljihunsu

Ɗan sojan bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma ba a haɗe yake zuwa ba. Mai saye zai buɗe kwali ya tarar da firam na roba mai launin toka, hannu a nan, kai a can, bindiga a gefe. Zai sa almakashi ya yanko kowane guntu, ya kankare layin zubi da bakin wuƙa, ya manna da gam, ya fesa fentin farko, sannan ya zauna ƙarƙashin fitila da buroshi mai bakin allura yana neman ɗiga wa sojan ƙwayar ido. Soja ɗaya kan ci yammaci guda, runduna kuwa takan ci watanni. Sai an gama wannan wahala ne za a jera su a kan tebur, a ɗauko tef ɗin awo da ƙwayoyin lido, a gwabza da rundunar aboki.

Wannan shi ne wasan yaƙi na 'yan mutum-mutumi, kuma sarkin kasuwarsa kamfani ɗaya ne, Games Workshop na birnin Nottingham a Ingila, mai Warhammer. Duk shekara in kamfanin ya sanar da ƙarin farashi, sai ka ji tsofaffin hannu sun ɗauko lissafinsu na gado. A 1987, kwalin farko na sojojin Space Marines na roba yana ɗauke da guda 30 a kan fam 9.99. Yau guda 10 ake sayarwa a kan kimanin fam 40. Kuɗin soja ɗaya ya ninka wajen sau goma sha biyu ke nan, alhali tsadar rayuwa a Birtaniya ta ninka sau uku ne zuwa huɗu a tsawon wannan lokaci. Gaskiya sojan yau ya fi na jiya kyau nesa ba kusa ba, amma roba dai roba ce.

Abin da ke ƙara wa masu ƙorafin zafi shi ne asalin kamfanin. 'Yan wasa ne suka kafa shi. A 1975 wasu abokai uku, John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson, suka fara sana'ar allunan wasa na katako a wani ɗaki a Landan. Sa'arsu ta zo da suka samu izinin rarraba wasan Dungeons & Dragons na Amurka a Turai. Suka fara mujallar White Dwarf a 1977, suka buɗe shagon farko a unguwar Hammersmith a 1978, shekara ta zagayo aka kafa Citadel Miniatures tare da Bryan Ansell don zuba sojojin dalma. Warhammer ya fito a 1983, ƙaninsa Warhammer 40,000 na Rick Priestley ya biyo baya a 1987. A wancan zamani mujallar kamfanin da kanta takan koya wa yara yadda za su ƙera tankar yaƙi da kwalbar turaren hammata da ta ƙare.

Ansell ne ya karɓi ragama a tsakiyar shekarun 1980 ya ja kamfanin zuwa yankin Nottingham, ya kuma gane abin da har gobe ake tafiya a kansa: dokokin wasa hanya ce ta sayar da sojoji. Shagunan suka daina ajiye wasannin wasu kamfanoni. A 1991 Tom Kirby ya jagoranci manajoji suka sayi kamfanin, a 1994 aka shigar da shi kasuwar hannayen jari ta Landan. Daga ranar iyayen gida suka zama biyu, mai buroshi da mai hannun jari, kuma kowa ya san wanda ake karanta wa rahoton ƙarshen shekara.

Finafinan The Lord of the Rings da suka fara fitowa a 2001 sun kawo wa kamfanin kaka mai albarka, domin shi ke da lasisin ƙera sojojinsu. Da finafinan suka ƙare, kasuwar ta faɗi warwas. Maganin da aka nemo shi ne tsuke bakin aljihu da ɗaga farashi: shaguna da yawa suka koma na ma'aikaci ɗaya tilo, in ya tafi cin abinci sai a rufe ƙofa.

Shekarar 2011 ce aka fi tunawa da ɗaci. An janye sojojin ƙarfe aka kawo na rezin, wani nau'in roba, da sunan Finecast, aka cika shi da yabo, aka kuma ɗora masa kuɗi. Masu saye suka riƙa buɗe kwali suna tarar da takobi a lanƙwashe, fuska da ramukan kumfa kamar cin zanzana. A wannan shekarar aka hana dillalan Turai aika kaya zuwa wajen nahiyar, abin da ya toshe wa 'yan Ostireliya da New Zealand hanyar da suke bi su kauce wa farashin ƙasashensu, wanda ya fi na Ingila sosai.

Sai zamanin lauyoyi. Kamfanin ya maka wani ƙaramin kamfanin Amurka, Chapterhouse Studios, a kotu saboda yana ƙera kayan da suka dace da sojojin Warhammer. Hukuncin 2013 ya zo rabi da rabi, kowa ya ci wani abu ya rasa wani. Darasin da Games Workshop ya ɗauka shi ne cewa sunan da kowa ke iya amfani da shi ba dukiya ba ne. Shi ya sa rundunar Imperial Guard ta wayi gari a 2014 da suna Astra Militarum, Eldar kuma daga baya suka zama Aeldari, sunayen da za a iya yi wa rajista a hana kowa taɓawa. A rahoton 2014 Kirby ya rubuta ƙarara cewa kamfanin ba ya binciken kasuwa kuma ba ya tambayar masu saye abin da suke so. Da alfahari ya faɗa, su kuma suka adana maganar, har yau ana jefa wa kamfanin ita.

A ganina, a 2015 ne ainihin ciwon ya bayyana, kuma ba na farashi ba ne. Kamfanin ya ga tsohon wasansa na Warhammer Fantasy, mai shekara 32, ba ya kawo kuɗi, sai ya tarwatsa duniyar wasan baki ɗaya a cikin labari, ya kawo Age of Sigmar a madadinsa. Dokokin sabon wasan shafi huɗu ne kacal, babu tsarin maki da ake auna runduna da shi don a yi adalci, har da dokokin barkwanci, irin wadda ke ba ɗan wasa dama in gashin bakinsa ya fi na abokin karawarsa. Ka ɗauka mutum ne ya shekara goma sha biyar yana tara dakaru ɗari biyu, kowanne ya fente shi da hannunsa, kowace tuta ya zana ta, rana ɗaya aka ce masa filin da yake kai su an rufe. Wani ɗan wasa ya zuba wa rundunarsa mai ya cinna wuta, ya ɗora bidiyon a YouTube. An yi masa dariya, an kuma fahimce shi. Wanda ya sayi riga mai tsada, rigar tasa ce har ta yage. Wanda ya sayi runduna kuwa, kuɗinsa da guminsa suna hannun wanda ke rubuta dokoki.

Kevin Rountree ya zama shugaban gudanarwa a farkon 2015, kuma dole a ba shi nasa. An dawo da maki a 2016, kamfanin ya koyi magana da mutane a intanet har yana yi wa kansa ba'a, bugu na takwas na Warhammer 40,000 a 2017 ya dawo da ɗimbin waɗanda suka yi fushi suka tafi. Amma a cikin wannan bugu aka gabatar da sojojin Primaris, Space Marines masu ɗan tsawo, kuma a hankali tsofaffin suka riƙa ɓacewa daga kanti. Bugu na tara ya zo a 2020, na goma a 2023, wato duk shekara uku sai sabon littafin dokoki da sabon Codex, littafin dokokin kowace runduna. Sojojin da aka yi wa ritaya ana tura su wani rukuni mai suna Legends, inda za ka iya wasa da su a gida amma yawancin gasa ba ta karɓarsu. A 2024 abin ya hau kan wasu sojojin Stormcast na Age of Sigmar da ba su wuce shekara shida da fitowa ba.

Ga kuma kwalayen da ake yi ƙididdigaggu. Wani mai suna Indomitus a 2020 ya ƙare cikin mintoci, 'yan kan-ta-waye suka kwashe suka ninka kuɗi a eBay, sai da kamfanin ya amince zai buga wa duk wanda ya yi oda. Tsoron kada a rasa ne ke sa mutum sayen abin da ba shi da lokacin fentawa, har masu wasan suna da suna ga kwalayen da ke jibge a saman kabad ba a buɗe ba: tulin kunya. Robar kanta suna kiranta ƙwayar maye, suna dariya, amma sun san abin da suke nufi. A 2021 kamfanin ya haramta wa masoya yin finafinan zane da duniyarsa, dab da ƙaddamar da Warhammer+, dandalinsa na kallon bidiyo da ake biyan kuɗi. Aka yi ta kiran a ƙaurace wa kayansa.

Ƙauracewar ba ta taɓa bayyana a littafin kuɗi ba. A shekarar kuɗi ta 2016 cinikin kamfanin fam miliyan 118 ne, ribar kafin haraji kusan miliyan 17. A ta 2025 ciniki ya haura miliyan 617, riba ta haura miliyan 262. A Disambar 2024 ya shiga jerin FTSE 100 na manyan kamfanonin Birtaniya, a watan da ya kammala yarjejeniya da Amazon kan finafinan da jarumin fim Henry Cavill zai jagoranta. Masu kare shi suna da hujja: har yanzu a Nottingham ake zuba sojojin ba a kai aikin inda ƙwadago ke da araha ba, abin zubi na ƙarfe yana da tsada, ma'aikata suna samun rabon riba, kuma kwalin fam 40 yakan ba mutum aikin makonni. Duk haka ne. Sai dai ribar kaya ta kusan kashi 70 cikin ɗari ba ta nuna kamfanin da tsadar kayan aiki ta shaƙe.

Waɗanda suka tafi da gaske ba su yi nisa ba, yawancinsu ma hannun tsofaffin ma'aikatan gidan suka faɗa. Kamfanonin Warlord Games na John Stallard, Mantic na Ronnie Renton, da tagwaye Alan da Michael Perry duk a yankin Nottingham suke. Wasu sun koma dokokin One Page Rules na kyauta, wasu sun sayi na'urar 3D suna buga sojoji a gareji, ko da yake shagunan kamfanin da gasanninsa ba sa yarda da sojan da ba nasu ba. Wani wasa mai suna Trench Crusade, wanda Tuomas Pirinen, tsohon marubucin dokokin Games Workshop, ke cikin masu shi, ya tara sama da dala miliyan 3 a Kickstarter, shafin tara kuɗi daga jama'a, a 2024.

Duniyar da aka rushe a 2015 ma ta dawo. A Janairun 2024 kamfanin ya sake buɗe ta da sunan The Old World, kwalayen farko cike da sojojin da aka zana tun kusan shekara ashirin baya, a farashin yau. An ɗan faɗaɗa faifan da sojan ke tsayawa a kai, daga milimita 20 zuwa 25, saboda haka wanda ya adana tsohuwar rundunarsa in yana son ta dace da sabon tsari sai ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya ya sake mannawa. Kwalayen ba su kwana biyu a kanti ba.