Sankarar Mama: Abin da Ke Hannun Mace

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an samu mata miliyan 2.3 da sankarar mama, kimanin 670,000 kuma suka rasu sanadiyyarta. Yawan shekaru da gadon cutar a dangi suna ƙara haɗarinta, kuma ba a hannun mace suke ba, amma akwai abubuwan da ke hannunta, kuma su muke yawan tunatar da iyaye mata a asibiti.

Shayarwa garkuwa ce da muka gada kaka da kakanni. Wani babban bincike da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa duk wata 12 da mace ta yi tana shayarwa, haɗarin kamuwa yana raguwa da kusan kashi 4 cikin 100, don haka bai kamata a gaggauta yaye ba sai da larura.

A ganina inda muka fi rauni shi ne ƙiba. Bayan mace ta daina al'ada, kitsen jikinta ne ke samar da mafi yawan sinadarin mata da ake kira estrogen, wanda ke rura wutar akasarin irin wannan sankara, amma har yanzu ana ɗaukar ƙiba alamar hutu, wasu ma suna shan ƙwayoyin ƙara jiki. Injin niƙa ya karɓe daka, lemon kwalba da soye-soye sun yawaita, zama kuma ya ƙaru. Abin da ake buƙata shi ne motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, ko da tafiya ce da sauri a tsakar gida, tare da yawaita wake da zogale da sauran ganyaye. Giya tana ƙara haɗarin, taba ma haka, shisha kuwa taba ce. Ajiye kuɗi a rigar mama, da ake yawan zargi, babu hujjar cewa yana haddasa cutar.

Sai dai waɗannan matakai rage haɗari suke yi, ba su kawar da shi, domin kusan rabin masu cutar ba su da wani sanannen dalili in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru. Wadda ta ji ƙulli a mama ko a hammata, ko da ba ya ciwo, ko ta ga kan nono ya shige ciki ko yana fitar da jini, ta je asibiti a makon nan, kada ta tsaya shafa magani a gida.