Waiwaye: Shaidar Abokan Sana'a Kafin Zuwan Takarda

Tun kafin Jamusawa su ci Garwa a 1901, ba da takarda ake sanin gwanin sana'a ba. Yaro kan yi shekaru gaban maigidansa, ranar yaye kuma manyan sana'ar ne ke duba aikinsa. A fadojin lamido na arewacin Kamaru har yau akwai sarautu masu sunan Hausa irin su Sarkin Fawa, kuma can asali mai irin wannan sarauta ne ke tsaya wa mutanensa. In wanda ya tsaya wa ya ɓata aiki, sunan mai sarautar ne ya ɓaci a kasuwa.

Faransawa suka zo da tsarin CAP, wato takardar shaidar iya sana'a, da jarrabawar shiga aiki, bayan 'yancin kai a 1960 abin ya zauna daram. Amfaninsa a fili yake: takarda na zuwa inda ba a san mutum ba. Sai dai kusan tara cikin goma na masu aiki a Kamaru suna sana'o'in da ba su da rajista, kuma galibinsu a bakin aiki suka koya. Majemin Marwa ko mai waldan Kusri da ya shekara ashirin yana aiki, a idon kamfani ba shi da komai. Faransa ta buɗe hanyar VAE a 2002, wato ba da shaida bisa gogewa, dokar koyar da sana'o'i ta Kamaru ta 2018 ita ma ta amince da hakan.

Yadda gwanaye ke gwada juna ba ya ɗaukar yini. Mai walda a ba shi ƙarfe biyu ya haɗa, a ɗaure, a lanƙwasa da guduma. In ya karye daidai wurin haɗin, wutar ba ta ratsa ba, ko ta yi ƙasa, ko bai kankare dattin zubin farko ba. Magini kuwa a sa shi fitar da kusurwa: santimita 60 nan, 80 can, tsakaninsu dole ya ba da 100. Wanda ya tsaya kame-kame a nan, bangonsa zai karkace ko da wace takarda ya zo.

Inda abin ke lalacewa shi ne son kai. Wani maigidan ba ya son rasa yaro mai ƙwazo, sai ya ƙi shaidarsa. Wani kuma ya yabi ɗan ƙanwarsa da bai iya ba. Baƙo, kamar 'yan gudun hijirar sansanin Minawawo, ba shi da mai tsaya masa sam. Manhajar LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, ta gwada nata salon shaidar abokan aiki a 2012, amma yabon da ake yi da danna maɓalli ɗaya, ba a ga aiki ba, ba shi da nauyi.

A ganinmu, in za a ba da shaida bisa gwajin abokan sana'a, masu gwaji su zama uku, kuma kada a sa maigidan yaron ko danginsa a ciki. Kowa ya rubuta hukuncinsa kafin su tattauna, a ɗauki hoton aikin, su sa hannu da sunayensu, domin in gini ya tsage a san wanda za a nema.