Iyaye, Ku Karɓe Danƙon Nan Daga Hannun Yara

Tun da mangwaro ya fara nuna a nan Garwa, ba na rasa ganin yaro riƙe da yatsa a ƙofar ɗakin shan magani, kuma labarin bai taɓa sauyawa ba: ya harbo jemage da danƙo, ya sa hannu zai ɗauka, dabbar da ba ta gama mutuwa ba ta gantsara masa cizo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sai bayan kwana biyu ko uku ake kawo yaron, an riga an shafa masa toka, wai ai cizon ɗan ƙarami ne. Ƙanƙantar rauni ba ta rage haɗari, domin jemage yana iya ɗauke da ƙwayar cuta 'yar uwar ta haukan kare, wadda da zarar alamunta sun bayyana sai dai addu'a.

Kada wani ya ji wannan ya ce to a ƙarar da su a huta. Jemagen da yake rataye a kan bishiya ba ya saukowa ya ciji kowa. Hannunmu ne yake kai mu gare shi. Kuma muna cin moriyarsa kullum ba tare da mun sani ba. Furen kuka da dare yake buɗewa, haka ma tutun ɗorawa da dare yake zubo zaƙinsa, kuma jemagu ne suke yawo tsakanin bishiyoyi suna barbarar furannin. Uwar da take jefa daddawa a tukunya, ta sani akwai aikin jemage a cikin kalwar nan. Masu bincike a ƙasar Ghana sun gano cewa babban jemage mai cin 'ya'yan itace yana iya kai iri nisan kilomita 75 a dare guda, wato yana yi mana dashe a dajin da muke sarewa don gawayi. Ƙananan kuwa da suke fita da magariba, ƙwari suke kamawa, har da sauro da masu ɓata gona.

A yawancin jemagu, mace ɗa guda take haifa a shekara, galibi yana manne a ƙirjinta. Yaron da ya harbo ta, rai biyu ya kashe don wasa, mu manya kuma muna zaune a inuwar muna kallo, wani ma har yana yaba masa iya saiti. Wannan sakaci ne, 'yan uwa, kuma na gaji da wanke sakamakonsa. Na san suna da ƙara da kashi, na san suna taɓa mangwaro, amma babu ɗaya cikin waɗannan da ya kai ran ɗanka.

Don Allah, a hana harbi. Jemagen da ya faɗo, kada a taɓa shi da hannu tsirara, a kwashe da shebur a binne. 'Ya'yan itacen da aka tarar da shaidar haƙori a jiki, a zubar. Idan sun shiga rufin ɗaki, a bari su fita da dare sannan a toshe ƙofar, ban da hayaƙi, kuma ba a lokacin da suke goyo ba. Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar domin allurar rigakafin haukan kare, ko da jini bai fito ba.