Waiwaye: Yadda Saƙonnin Garkuwar Jiki ke Juya Kalsiyam a Ƙwaƙwalwar Tayi

Zargin cewa ciwon uwa mai ciki na iya taɓa ƙwaƙwalwar tayi ya faro ne daga bayanan asibiti. A 1988 Sarnoff Mednick da abokan aikinsa suka nuna cewa 'ya'yan matan Helsinki da annobar mura ta 1957 ta riska a tsakiyar goyon ciki sun fi kamuwa da taɓin hankali na sikizofireniya. Sai dai ba a gano ta inda ciwon uwa ke bi ya taɓa ƙwaƙwalwar ɗan ciki ba.

Masu nazarin kalsiyam, sinadarin da ke isar da saƙo a cikin ƙwayoyin jiki, kuwa suna can suna nasu aikin. A ƙwayar jijiya mai hutawa, kalsiyam ɗan kaɗan ne, bai wuce nanomola 100 ba, na waje ya ninka shi sau 10,000 ko fiye, don haka da ƙofa a fatar ƙwayar ta ɗan buɗe sai ya kwararo. Rinin Fura-2 na ɗakin binciken Roger Tsien, wanda ya fito a 1985, ya sa ana kallon wannan tashi da sauka da ido. A 1996 Komuro da Rakic suka nuna cewa saurin ƙaurar jariran ƙwayoyi a ƙaramar ƙwaƙwalwa (sashen da ke ta ƙeya) yana bin girman bugun kalsiyam, wato tashi da saukarsa, da yawan maimaituwarsa.

Saitokin, wato sinadaran da ƙwayoyin garkuwa ke aika saƙo da su, su suka haɗa hanyoyin biyu. A 2003 Barbara Viviani ta nuna saitokin IL-1β na tayar da sinadarin Src, shi kuma ya manna fosfet a makarɓar NMDA, wata ƙofa a fatar ƙwayar jijiya, kalsiyam ya ƙara shiga. Wani saitokin, TNF-α, na ƙara wasu ƙofofin a fatar ƙwaya, makarɓan AMPA marasa ɓangaren GluA2, waɗanda kalsiyam ke ratsawa. Saitokin CXCL12 kuwa rumbun kalsiyam na cikin ƙwaya yake buɗewa ta hanyar sinadarin saƙo na IP3. A 2007 ɗakin Paul Patterson ya yi wa ɓeraye masu ciki allurar saitokin IL-6 sau ɗaya a kwana na 12.5 na goyon ciki, 'ya'yan suka tashi da sauyin ɗabi'a.

Inda sakamakon gwaje-gwaje ke cin karo da juna galibi a tsawon lokaci ne. Ƙwayar da ta sha saitokin na mintuna dabam take da wadda ta kwana biyu a cikinsa, domin ta biyun ta riga ta sauya yawan ƙofofinta. Sannan rinin kansa yana kama kalsiyam, in ya yi yawa sai ya dushe bugun da ake son aunawa. Gurɓacewar saitokin da dafin bakteriya na LPS ma tana tayar da maikurogiliya, ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa, da ke cikin farantin gwaji, su zubo nasu saitokin, a ɗora wa wanda aka zuba alhakin abin da bai yi ba.